Ƙyallen Aro daga Japan zuwa Madina

Mun tashi da asuba, ni da maigidana na wurin aiki, a 'yar farar akori-kurar da muke kwasar ƙarafa da ita. Shi ya nace sai ya kai ni tashar jirgin ƙasa da kansa, duk da na ce masa ƙafata ma za ta kai ni. Ku da kuke ta tambayar inda na shige kwana biyu, to Madina na je wurin Inna, kuma ga yadda tafiyar ta kasance.

Ga wanda bai sani ba, a wani ƙauye nake aiki arewa da Tokyo, a tsakiyar gonakin shinkafa. Fili ne babba da muke farfasa tsofaffin motoci, mu ciro inji da giya da fitilu, mu cika kwantena a tura ƙasashenmu. Ni kaɗai ne baƙar fata a ƙauyen, har 'yan makaranta sun gaji da kallona sun koma gaishe ni. Mahaifiyar maigida ce ke dafa mana abincin rana, wata tsohuwa da bayanta ya ranƙwafa amma bakinta bai ranƙwafa ba. Tun makon farko da ta ji ba na cin alade ta ware mini tukunya da ludayi, ta ɗaura wa hannun tukunyar jan zare don kada wani ya yi kuskure. Shekaru ke nan, zaren ya koɗe, amma tukunyar tana nan.

Abin da ya tayar da tafiyar ba yawon buɗe ido ba ne. Inna tana zaune a Madina wurin yayata, wadda ke auren wani Bamadine da kakanninsa suka taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa suka zauna a can. Wani mai son a sani ya nuna wa Inna bidiyo a waya na yadda Japanawa ke ƙona gawarsu. Tun daga ranar ba mu ƙara yin waya mai daɗi ba. Magana ɗaya ce: in tattaro in dawo kusa da ita. Mijin Yaya har ya samo mini aikin kula da injinan ban ruwa a wata gonar dabino a Badar. Ni kuwa ina son aikina, ina son mutanen da nake cikinsu, amma ba zan zauna a inda babu albarkar Inna ba. Na gaya wa maigida gaskiya, na ce zan je in roƙe ta, idan ta kafe to shi ke nan. Na ɗaure kayana a kwalaye na jera a ɗaki, na ce in ban dawo ba a saka mini su a kwantena. Ya dai ja iska ta haƙora, wanda a wurin Bajapane ya fi kuka ciwo.

Muna shirin shiga mota sai ga tsohuwa ta fito da wani ɗauri a hannu, an naɗe shi da shuɗin ƙyalle mai duhu, an yi masa ƙulli biyu a sama. Ta miƙo da hannu biyu, na karɓa da hannu biyu kamar yadda suka koya mini.

"Na mahaifiyarka ne," ta ce. "Kada ka danne shi da takalma."

Iyakar bankwanan ke nan. Ta juya ta koma ciki tana faɗa da kyanwa.

Lokacin ya zo daidai da hutunsu na tsakiyar bazara, wanda kowa ke komawa garinsu ya share kaburburan iyaye ya zuba musu ruwa da furanni. Jirgin ƙasa cike yake maƙil, amma da za ka rufe ido sai ka rantse kai kaɗai ne a ciki. Ba mai waya, ba mai tari da ƙarfi, jariri ma in ya yi kuka sai uwarsa ta dinga ba mutane haƙuri da kai. Na sayi ruwan gora a tasha, da na juya kuɗin zuwa naira sai ƙishirwar ta ragu da kanta. Na rungume ɗaurin tsohuwa a cinya har filin jirgin sama, don na kasa samun inda zan ajiye shi da ba zai haɗu da takalma ba.

Jirgin sama ya yi ta tafiya har na ci abinci na yi barci na farka na sake ci, muna dai sama. Mun sauka a wani birni na yankin Gulf don canjin jirgi, kuma a nan na fara jin na doso gida. Tun daga nesa na jiyo wata Hajiya tana ƙwala wa wata kira da Hausa a kan wani buhun garin kuka da ya ɓace. Wallahi sai da na tsaya na saurara kamar mai jin waƙa. Na manta rabon da in ji an ɗaga murya saboda abin da bai kai ya kawo ba, kuma ashe na yi kewar hakan.

A filin jirgin Madina na fara ba da kaina. Jami'in da ya buga mini hatimi ya miƙo fasfo, na karɓa da hannu biyu na rusuna masa har sau biyu. Ya bi ni da kallo kamar mai tunanin ko lafiyata ƙalau. Da na fita waje kuwa zafi ya mare ni, irin wanda kake ji kamar an buɗe maka murfin tanda. Na tsaya a inda muka yi da mijin Yaya, na duba agogo, na sake dubawa, har raina ya fara ɓaci. Da ya iso yana murmushi na ce masa na fara tunanin ko lafiya.

"Ya akhi, lafiya lau," ya ce yana rungume ni. "Ai yanzu-yanzu ka sauka. Su Yaban, Japanawan nan naka, sun lalata ka da duba agogo, wallahi."

Gidansu yana Bani Harisa, arewacin gari, inda in ka hau soro kana ganin Dutsen Uhudu ja-ja a gabanka. Na sami Inna a zaune a kan katifa ta miƙe ƙafafu, an kunna mata mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta hurawa. Ta tsufa fiye da yadda waya ke nunawa. Na durƙusa, ta kamo kaina, ta shafa kafaɗuna da damatsana kamar mai tayin rago, ta ce na rame, ɗanyen kifi ba abinci ba ne. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da aka natsa na ɗauko ɗaurin na ce saƙo ne daga mahaifiyar maigidana. Inna ta dube shi ta gefen ido.

"Ɗora shi can kan kabad," ta ce. "Auta, ka ci tuwo tukuna."

Na sha jinin jikina. Ɗaurin da na yi ta lallaɓawa tun daga wancan ƙarshen duniya ya hau kan kabad kusa da tsohuwar fanka, ba wanda ya ƙara waiwayarsa.

Kwanakin farko ziyara na yi. Duk abin da aka faɗa muku game da Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai kai ganin ido ba. Manyan lemomin nan na harabar suna buɗewa da safe a hankali, ruwan zamzam a jere cikin randunan roba, mai sanyi da marar sanyi, kowa ya ɗiba ba mai hana shi. Shiga Rauda yanzu sai ka nemi lokaci ta waya, abin da ya yi wa ɗabi'ata ta Japan daɗi, ya kuma ɓata wa wani dattijo ɗan Damagaram rai, wanda na taimaka masa ya yi nasa yana ta mita. Ranar Asabar muka je Ƙuba, muka zarce unguwar Ranuna wurin wani mai shayi da ke zuba na'ana har sai kofin ya koma kore. Da safe tamis da ful, burodi mai faɗin faifai da dafaffen wake, da kuɗin da a Japan ko rabin tuffa ba zai saya maka ba. Da yamma kuma na ci tsire a hannun wani jikan Kanawa da ke jin duk abin da na faɗa da Hausa amma yana mayar mini da Larabci. Ƙuli-ƙulinsa dai bai canja harshe ba.

Sai dai duk inda muka je, maganar tana biye da mu. Kusan kowace salla a Harami sai an yi sallar gawa, a ɗauke ta da sauri a nufi Baƙi'a. Ina tura Inna a keken guragu saboda ciwon gwiwa, duk sanda aka wuce da makara sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ka ga masu rabo." Wata rana bayan azahar ta sa na tsayar da keken a jikin katangar maƙabartar, ta daɗe tana kallon ciki ta tsakanin ƙarafa.

"Mutane na sayar da gona su zo su mutu a nan," ta ce ba tare da ta dube ni ba. "Kai kuma ka ɗauki ƙafa ka kai kanka inda ake hura wa mutum wuta. In ka faɗi a can, wa zai yi maka wanka? Wa zai sa ka a ƙasa?"

Ina da amsa, amma amsar labarin mutuwa ce, kuma na daɗe ina ɓoye mata shi don kada in ƙara mata tsoro. Na ce Allah ya sa mu cika da imani, na ci gaba da tura keke. Raina a jagule yake, don na ga alamar kwalayen nan nawa za su hau kwantena.

Ranar zuwa Badar muka fita da sassafe, ni da Inna da Yaya da mijinta. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya da ta nufi teku, tana ratsa baƙaƙen duwatsu da ba ko ciyawa a jikinsu. Can ka hango raƙuma biyu suna tsaye kamar an manta da su, can ka ga wata 'yar rumfar mai sayar da kankana. Mijin Yaya yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana bayani da shi, ni kuwa ina riƙe da bel ina karanta duk addu'ar da na sani. Maigidana na Japan in ya ga alamar tsayawa a tsakiyar gona, ba mota ba mutum, sai ya tsaya cak ya duba hagu da dama yana nunawa da yatsa. Na taɓa yi masa dariya a kan haka. A hanyar Badar na nemi gafararsa a zuci.

Gonar kuwa ba ta da makusa, gaskiya ce. Dabinai a jere sun yi nauyi da 'ya'ya, lokacin nunarsu ne, ruwa na gudu a ƙananan magudanai, inuwa mai sanyi. Ma'aikatan yawanci 'yan Nijar ne da 'yan Sudan, suka tare mu da ɗanyen dabino da suke kira ruɗab, wanda ke narkewa a baki kafin ka tauna. A kantin ƙauyenmu na Japan ana jera dabino 'yan ƙwaya kaɗan a kwali kamar ƙwayar magani, a nan kuwa awaki ke cin wanda ya faɗo. Na duba injinan, ɗaya yana tari, na kwance matatar mai na wanke na mayar, ya tashi. Mijin Yaya ya tafa hannu.

"Shuf, duba nan, Hajiya! Shugul ɗin, aikin nan, nasa ne. Iƙama, takardar zama, a wuyana, ɗaki akwai, Juma'a yana Harami. Khalas, shi ke nan, me ya rage?"

Inna ta yi murmushin da rabona da ganinsa tun ranar da na sauka. Ni ma na ji wurin ya kwanta mini, kuma na san mutumin nan alheri yake nufina da shi. Abin da ya sa maganar ta yi mini nauyi ke nan, da ma aikin banza ne da na sami abin faɗa.

Kafin mu juya muka tsaya a maƙabartar shahidan Badar. Fili ne kewaye da katanga, ba gini ba ado, sai ƙasa da duwatsu da rana. Muka yi musu sallama daga waje muka yi addu'a. Yaya da mijinta suka tafi neman ruwan sanyi, aka bar ni da Inna a 'yar inuwar katanga. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Su ma bayin Allah ba a gida aka binne su ba." A nan na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara samun wuri ba. Na tsuguna a gaban keken na ba ta labarin da na ɓoye.

A hunturun shekarar da ta wuce, wani abokin aikinmu Musulmi ɗan Bangaladash ya faɗi a bakin aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ba shi da kowa a ƙasar. A al'adar wurin, gawar da ba mai ita ƙonawa ake yi, kuma har an fara maganar. Na je wa maigida na ce a addininmu ba a yi. Ya tambaye ni sau ɗaya, "Ƙasa yake so?" Na ce ƙasa. Ya rufe filin aikin, abin da ko ranar da aka yi girgizar ƙasa bai yi ba. Ya yi ta buga waya har aka samo wata maƙabartar Musulmi can cikin duwatsu, tafiyar wuni guda. Mu da wasu 'yan'uwa daga masallacin birni muka yi masa wanka. Likkafani ya gagara samu, sai tsohuwa ta aika aka sayo farin yadi, ta sa ni na zauna ina gaya mata yadda ake yi, ta auna, ta yanka, ta ɗinka da hannunta, tana yi tana yi mini faɗa wai ban iya bayani ba. Maigida ya bi mu har bakin kabari cikin baƙar kwat, dusar ƙanƙara na zuba a kansa. Da muka idar da salla ya matso ya tambaya ko an yarda wanda ba Musulmi ba ya zuba ƙasa. Ya zuba da hannu biyu.

Inna ba ta katse ni ba har na gama. Ta goge fuska da gefen mayafi.

"Ita tsohuwar ce ta ɗinka likkafanin?"

Na ce ita ce.

"Da hannunta?"

Na ce da hannunta, ko tabarau ba ta sa ba.

A hanyar dawowa mijin Yaya ya yi ta lissafa ranar da zan fara aiki, Inna tana kallon duwatsu ta taga. Ni dai ban san inda aka kwana ba, kuma ban yi gigin tambaya ba.

Muna idar da la'asar a gida ta ce in sauko mata da kayan mutane. Ta kwance ƙullin da kanta, a hankali, don tsohuwa ta ɗaure shi tamau. A ciki akwai wasu abubuwa biyu saƙar ulu, ruwan toka, kamar hannun riga da aka yanke. Yaya ta ɗaga ɗaya ta juya shi. Na ce na gwiwa ne, tsofaffin can suna sawa don sanyi. Yaya ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce ulu a Madina, a watan da ƙwai ke dahuwa a kan mota. Inna ba ta yi dariya ba. Ta karɓa ta zura a ƙafa ta ja har gwiwa, suka zauna daram kamar an gwada.

"Ke ba ki san komai ba," ta ce wa Yaya. "Wannan mukayyif ɗin naku shi ke cin gwiwata tun da na zo. Wa ya gaya mata?"

Sai da na yi tunani kafin na tuna. Wata rana a wurin cin abinci na taɓa cewa Inna na fama da gwiwa, ɗakinta kuma kullum a sanyaye. Sau ɗaya na faɗa, cikin Japanancina mai ɗingishi, ban ma zaci ta ji ba.

Daga nan Inna ta jawo ƙyallen da aka naɗo kayan ta shimfiɗa a cinya. Ni a wurina tsumma ne kawai, amma ita ta daɗe tana bin sa da yatsa. Ta nuna mana inda shuɗin ya koɗe, da wata alama kamar fure a kusurwa, da maho har uku da aka yi da ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero.

"Auta, wannan ba kyauta ba ce," ta ce. "Mace ba ta yi wa ƙyalle maho uku sannan ta bayar da shi. Aro ta ba ka. So take a mayar mata."

Gaskiyarta ce, kuma ni da na zauna da su ne ya kamata in gane. A ƙauyen in maƙwabciya ta aiko da abinci a naɗe, ƙyallen komawa yake yi, kuma ba ya komawa haka nan, ko ashana ce sai an saka a ciki. Ni na ɗauka tunda tafiyar mai nisa ce an yafe. Ashe tsohuwa ta ji duk maganar kwalaye da kwantena, ba ta ce kada in tafi ba, ba ta ce in dawo ba, ta dai ba ni abin da sai an dawo da shi. Na bayyana wa Inna al'adar. Ta gyaɗa kai ta ce ai mu ma ba ma mayar da kwano wayam, wannan ba sai an je Japan ba. Ta ninke ƙyallen, ta sake buɗewa, sannan ta yi tambayar da ban zata ba.

"Tana da haƙora?"

Na ce saura kaɗan, su ma na ado ne.

Washegari da hantsi na fito na tarar an baje faranti a tsakar ɗaki. Inna ta aiki mijin Yaya kasuwar dabino ya sayo ajwa busasshiya mai laushi, ta zauna tana tsaga kowace ɗaya tana cire ƙwallon, tana jerawa a gwangwani. Yaya ta zo taimako, ta kore ta, wai hannunta da gaggawa. Ta wuni tana yi, da ulun nan a gwiwa. Da ta gama ta ce a kawo mata allura. Ashe ta gano wata 'yar ɓaraka a gefen ƙyallen, wataƙila ma ni na ja ta da zip ɗin jaka. Ba a sami shuɗin zare a gidan ba sai kore. Ta yanko ƙyalle kaɗan daga gefen wani tsohon mayafinta ta yi maho na huɗu, da irin ɗinkinmu mai faɗi, ta naɗe gwangwanin ta ƙulle.

"Ungo, kai mata," ta ce. "Hannu da hannu, ban ce ka ba wani ba. Ka ce na gode. Ka ce na ji abin da ta yi wa ɗan mutane, na kuma bar mata nawa amana. Ka zauna lafiya da su, ka riƙe sallarka. Allah ya yi maka albarka, ya sa kai za ka binne mu, ba mu za mu ji naka ba."

Na kifa kaina a gwiwarta, kan ulun tsohuwa, ina ta cewa amin. Mijin Yaya da ke tsaye a bakin ƙofa ya ɗaga hannu sama ya ce, "Khalas, Hajiya ta yanke." Bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan, duk da wahalar da ya sha a kan aikin. Har ya so ya cika mini jaka da ruɗab, na ce masa ɗanyen 'ya'yan itace ba ya shiga Japan, ya ce mutanen nan ba su san daɗi ba. Allah ya saka masa da alheri, shi ma yana cikin waɗanda suke bi na bashin godiya.

Na yi bankwana da Harami da safe, na yi addu'a ga Inna da Yaya da gidanta, na kuma roƙa wa tsohuwa da ɗanta shiriya da alheri, don ban san abin da ya fi wannan da zan ba su ba. A filin jirgin Japan wani ɗan kare mai riga ya zo ya shinshina jakata ya zauna. Jami'in ya sa na kwance ɗaurin, ya duba dabinon ya ga busasshe ne, ya ba ni haƙuri sau uku, sannan ya tsaya ya taya ni mayar da ƙullin yadda yake, don ya ga nawa ba ya kama da na mutane. Da na sauka a tashar ƙauye, farar akori-kura tana nan a fake. Maigida ya karɓi jakata ya ce, "Ka dawo." Na ce na dawo. Ya ja iska ta haƙora, amma wannan karon da murmushi a ciki.

Tsohuwa tana bakin ƙofa. Na miƙa mata da hannu biyu, na isar da saƙon Inna gwargwadon yadda harshena ya iya. Ta buɗe gwangwanin, ta ɗauki dabino ɗaya ta matsa, ta ga ba ƙwallo, ta ɗago ta dube ni. Ta sa a baki. Sannan ta shimfiɗa ƙyallen a cinya tana bin mahonta da yatsa, ɗaya, biyu, uku, sai yatsan ya tsaya a kan koren. Ta daɗe a wurin. Maigida ya gaya mini a hankali cewa da wannan ƙyallen aka naɗo kayanta ranar da aka kawo ta gidan miji, kuma bai taɓa ganin ya wuce ƙauyen ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Na tafi da shirin yin dogon bayani don in kare mutanen da nake zaune da su, sai ga shi tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ba mai jin yaren wata, sun gama maganarsu da allura da zare, ni ɗan aike ne kawai. Na gode wa Allah da ya ba ni uwa a Madina, ya kuma ajiye mini mai ware mini tukunya a inda ban san kowa ba. Na kwance kwalayena na mayar da komai wurinsa. Da na fito, na tarar tsohuwa ta ninke ƙyallen ta bar koren mahon a sama. Ta ce ɗinkin ya yi faɗi, amma mai shi ta iya riƙe allura, kuma in tambayi Inna ko ƙafafunta ma suna jin sanyi, don ƙyallen zai sake tafiya.